Ku Tambaya Mu Amsa: Fim Da Gem Na Kashe-Kashe Ne Ke Mayar Da Yara Mugaye?

Assalamu alaikum masu karatu. Tun da na ɗan taɓo zancen waya a hannun yara a fitowar da ta wuce saƙonni suke ta shigowa, kuma kusan duk kan magana ɗaya, iyaye na cewa fim da gem sun lalata musu 'ya'ya, matasa kuma na cewa ana ɗora musu laifin da ba su ji ba ba su gani ba. Na zaɓo guda huɗu, wasu na ɗan rage musu tsawo saboda fili.

TAMBAYA: Salam Anti, dan Allah ki taimaka min da shawara. Ɗana shekararsa 13, tunda babansa ya sai masa waya ba shi da aiki sai gem ɗin harbe-harbe, sai ki ji yana ihu shi kaɗai wai na kashe shi na kashe shi, to satin da ya wuce ƙaninsa ya zo ya taɓa wayar yana cikin yi, wlh Anti marin da ya sharara masa sai da shatin yatsu ya fito, kuma yaron nan da ba haka yake ba. Na ce wa babansa gem ɗin nan ne ya ce ni ce mai zuzuta abu, wai shi ma da finafinan faɗa ya taso kuma bai zama ɗan daba ba. Ni dai tsoro nake kar wata rana ya ɗau makami. Gem ɗin ne ko ba shi ba ne? Daga Maman yara uku.

AMSA: 'Yar'uwa sannu, ba zan ce miki kina zuzuta abu ba, uwar da ta ga shatin yatsu a fuskar ɗanta dole hankalinta ya tashi. Amma tambaya biyu kika dunƙule min wuri ɗaya. Ko abin da yaro ke kallo yana iya sa shi saurin fushi da saurin hannu, wannan e, kaɗan. Ko yana iya kai shi ga ɗaukar makami ya kashe mutum, wannan kuwa an fi shekara 60 ana nema har yau ba a samu hujjar da ta tsaya da ƙafarta ba.

Maganar kwaikwayo dai ba ta da gardama. A 1961 wani masanin halayyar ɗan Adam mai suna Albert Bandura a jami'ar Stanford ta Amurka ya tara yara 72 'yan tsakanin shekara 3 zuwa 6, wasunsu ya sa suka kalli wani babba yana jibgar wata 'yar tsanar roba irin wadda ake hura wa iska, in an doke ta ta kwanta ta sake miƙewa, yana kwaɗa mata guduma yana shurinta. Da aka bar yaran su kaɗai da ita sai waɗanda suka ga dukan suka hau ta da duka, har kalaman da mutumin ya furta suna maimaitawa. A 1963 ya sake gwadawa da fim, sakamako kusan ɗaya. Amma wanda ya fi tsaya min a rai shi ne na 1965, inda wasu yaran suka ga an yaba wa mai dukan wasu kuma suka ga an hukunta shi, waɗanda suka ga hukuncin sai suka ja da baya, alhali da aka ce za a ba su tukwici in sun nuna abin da suka gani sai ga shi duk sun iya. Kinga kenan yaro yana kwashe komai a ka, abin da ke sa ya aikata ko ya fasa shi ne me ya ga ya biyo bayan aikin. Ki riƙe wannan zan dawo kansa.

To amma 'yar tsana ba mutum ba ce, an ma yi ta ne don a doka, kuma daga nan gardamar masana ta samo asali. Ba wanda zai yarda a ɗauki yara a sa su kallon kisa na shekara 10 don a ga ko za su yi kisa, shi ya sa a ɗakin gwaji dabara ake yi, a sa ɗalibi ya buga gem na 'yan mintuna sannan a ce ya zaɓi ƙarfin ƙarar da za a sakar wa abokin karawarsa a kunne, ko yawan barkonon da za a zuba wa wani da aka ce masa ba ya son yaji. Wanda ya buga na harbi sau da yawa yakan ɗan ƙara. Ke ma kin san tsakanin ƙara cokalin barkono da soka wa mutum wuƙa akwai tafiya mai nisa, amma in labarin ya fito a jarida sai ki ga an rubuta wai bincike ya tabbatar gem na haddasa ta'addanci.

Akwai wurare biyu da nake so ki ji labarinsu don sun fi ɗakin gwaji kama da rayuwa. Wani ƙaramin gari a Kanada da ke cikin kwari, talabijin ba ta kai shi ba sai 1973, masu bincike suka riga ta isa suka ƙirga ture-ture da zage-zagen yara a filin makaranta, bayan shekara 2 suka koma suka tarar abin ya ƙaru sosai. Sai kuma tsibirin Saint Helena da ke can tsakiyar tekun Atlantika, su talabijin ta shigo musu a 1995, aka ɗauki yara a kyamara a filin wasa kafin zuwanta da kuma bayan zuwanta, shekaru suka wuce ba a ga ƙarin faɗa ba. Bayanin da masu binciken suka bayar shi ne tsibiri ne ƙarami kowa ya san ɗan kowa, yaro bai isa ya yi abu ido bai gan shi ba a kwaɓe shi. Wato ita akwatin ba ita kaɗai take aiki ba, ya danganta da irin gidan da aka ajiye ta.

A 2018 wasu masana suka haɗa bincike 24 da aka bi yara da matasa sama da 17,000 na tsawon lokaci, suka ce akwai alaƙa tsakanin gem ɗin faɗa da ƙaruwar kai hannu, sai dai siririya ce ƙwarai har wasu masanan ke jayayya ko ta kai a damu da ita. A 2019 kuma masu bincike na jami'ar Oxford suka duba matasa kimanin 1,000 'yan shekara 14 da 15 a Birtaniya, iyayen ne aka tambaya halin 'ya'yansu, ba a ga wata alaƙa ba. Ita ma ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka a 2020 cewa ta yi akwai ɗan tasiri wajen irin su ihu da ture, amma babu isasshiyar hujjar da za a jingina ta'asa irin ta kisa ga gem.

Yanzu mu zo kan marin. Ni a ganina ba jinin da ke cikin gem ɗin ne ya ɗaga hannunsa ba, katse shi da aka yi ne yana tsakiyar gasa. An gwada an gani, gem mai zafin gasa ko mai wuyar da yake ta kayar da mutum yana tunzura zuciya ko da babu harbi ko ɗaya a cikinsa, ko na tseren mota ne. Irin wanda ake bugawa da mutane ta intanet kuma ba a tsayar da shi, in ƙaninsa ya taɓa wayar na ɗan ƙiftawar ido shikenan an kashe shi, ga abokai a kunne suna yi masa tsiya, ga shekara 13 lokacin da zuciya ta riga hankali girma. Wannan fa ba wanke shi nake ba, mari mari ne. Shi ya sa na ce ki riƙe gwajin 1965, me ya biyo bayan marin? In dai ya mari ƙaninsa ya koma ya ci gaba da gem ɗinsa ke da babansa kuna can kuna gardama, to darasin da ya ɗauka shi ne mari yana biyan buƙata, kuma wannan ba a waya ya koye shi ba. A karɓe wayar na wasu kwanaki, a faɗa masa a fili saboda hannun da ya ɗaga ne, ya ba ƙaninsa haƙuri da bakinsa, kuma ku biyun bakinku ya zo ɗaya a gabansa. Ki duba lambar shekarun da ke jikin gem ɗin a wurin da ake sauko da shi, za ki ga 12 ko 16 ko 18, mai 18 ba na ɗan 13 ba ne ko da kuwa ba zai mayar da shi komai ba. Waya kar ta kwana a ɗakinsa, yaron da bai yi barci ba ko babu gem masifaffe ne. Kuma ki zauna kusa da shi wata rana ki ce ya nuna miki yadda ake yi, za ki ji da su wa yake magana a ciki, wanda sau da yawa ya fi harbin zama abin dubawa.

Maigida yana da rabin gaskiya, miliyoyi sun taso da finafinan faɗa lafiya lau, sai dai fim ɗin zamaninsa awa 2 ne ya ƙare a tashi, wannan kuwa ba shi da ƙarshe kuma a aljihu yake kwana. Abin da zai sa in ce ki tashi tsaye ki nemi likita shi ne in kika ga yana azabtar da dabbobi yana jin daɗi, ko yana yawan ambaton wani takamaiman mutum da zai rama a kansa, ko ya janye daga kowa, ko kika gano ana cin zalinsa a makaranta yana haɗiyewa. Ba ki ambaci ko ɗaya ba a saƙonki, ki kwantar da hankalinki.

TAMBAYA: Anti gaskiya mun gaji, duk abin da ya faru sai a ce gem. Ni tun ina shekara 10 nake bugawa yanzu ina 22 ina jami'a ban taɓa marin kowa ba, abokaina ma haka. Kuma ni in raina ya ɓaci ma gem ɗin nake shiga in yi ta harbi in huce, da ba don shi ba da tuni na yi faɗa da mutane da yawa. Ki faɗa wa iyaye su daina ɗora mana laifi, ai ana kashe-kashe tun kafin a ƙirƙiro lantarki. Daga wani ɗalibi.

AMSA: Ƙanina, kana da gaskiya fiye da yadda kake zato, bari ma in ƙara maka hujja. A Amurka laifukan kisa da fashi da jikkata mutane sun kai ƙololuwa a wajajen 1991, daga nan suka yi ta sauka har zuwa 2014 sun ragu da kusan rabi, kuma a daidai waɗannan shekarun ne gem ɗin harbi ya fito ya shiga kusan kowane gida. Japan da Koriya ta Kudu suna cikin ƙasashen da suka fi kowa buga gem a duniya, kuma suna cikin waɗanda kisan kai ya fi ƙaranci. A 2009 wasu masana tattalin arziki biyu, Gordon Dahl da Stefano DellaVigna, suka duba alƙaluman Amurka suka ga a ƙarshen makon da fim ɗin faɗa ya cika silima laifukan duka da jikkatawa raguwa suke yi, dalilin kuma mai sauƙi ne, samarin da da suna kan titi ko wurin shaye-shaye suna zaune cikin silima. Wannan duk bai nuna gem na rage laifi ba, abubuwa da yawa ne suka canja a lokacin, amma da a ce shi ne babbar masana'antar 'yan ta'adda da an gani a alƙaluma.

Kuma ba ku aka fara ɗora wa ba. A 1954 majalisar dattawan Amurka zama ta yi musamman kan littattafan zane na yara, ana cewa su ne ke haifar da kangararru. A 1993 ta sake zama kan gem irin su Mortal Kombat, daga nan ne ma aka kafa tsarin sa lambar shekaru a 1994. A 2011 kotun ƙolin ƙasar ta soke dokar jihar Kalifoniya da ta hana sayar wa yara gem ɗin tashin hankali, alƙalai 7 suka rinjayi 2, kuma cikin dalilansu har da cewa binciken da aka kawo bai tabbatar gem ne ke sa yara aikata ta'asa ba. Sau da yawa an bar jaki ana dukan taiki, don zargin waya ya fi sauƙi a kan a zauna a yi maganar talauci da ƙwaya da gidan da ake dukan uwa a gaban 'ya'ya da makamin da ke kusa da hannu, waɗanda su ne aka daɗe da sanin suna da ƙarfi wajen kai matashi ga ta'asa.

Amma wuri biyu zan ja da kai. Cewa ni ban taɓa marin kowa ba, Allah Ya ƙara kiyayewa, sai dai kai ɗaya ba ka isa hujja ba, abin da bai taɓa ka ba yana iya taɓa yaron da ya taso cikin duka ba mai kula da shi. Sai maganar hucewa, wannan kam ban yarda ba. A 2002 wani masani Brad Bushman ya sa aka fusata ɗalibai, wasu aka ce su yi ta naushin buhun 'yan dambe suna tuna wanda ya ɓata musu rai, wasu kuma aka bar su zaune shiru na minti 2, waɗanda suka yi naushin su suka fi fita da fushi kuma suka fi ramuwa. Fushi ba ruwa ba ne a tulu da in ka tsiyaye zai ragu, ya fi kama da wuta, in kana hura ta ci take. Abin da nake jin yana taimakonka shi ne gem ɗin yana ɗauke maka hankali daga abin da ya faru har jikinka ya sauka, to in kana harbin kana hango fuskar wanda ya ɓata maka rai ka ajiye ka fita ka taka. Kuma ka duba awa nawa yake cinye maka, hukumar lafiya ta duniya tun 2019 ta sa jarabar gem cikin jerin cututtuka, a wurin ɗalibi irinka nan ne hatsarin ya fi kusa.

TAMBAYA: Hajiya barka da aiki. Ni malamin firamare ne shekara 16 kenan, da idona nake gani in an tashi tara yara suna kwaikwayon 'yan resilin, bara har wani ya karya wa wani hannu ya ce a talabijin ya gani. Sannan yaran da ke harbe-harbe a makarantun Amurka ai an ce gem ne ya koya musu. Ya za a ce babu illa? Daga wani malami.

AMSA: Malam Allah Ya saka da alheri, gani ya kori ji kuma ni ban ce babu illa ba. Abin da ka gani shi ne illar da ta fi kowacce tabbata, ƙaramin yaro bai gama raba wasa da gaske ba, ya ga an ɗaga ƙato an maka da ƙasa ya miƙe yana murmushi, bai san an shirya faɗan tun kafin a hau ba, bai san mutanen sun yi shekaru suna koyon yadda ake faɗuwa ba kuma duk da haka suna karyewa. Ka faɗa musu wannan ɓaro-ɓaro a aji, ya fi ka ce kawai an hana. Amma ka lura wannan yaron ba mugunta ce ta sa shi ba, ganganci ne, maganinsu kuma ba ɗaya ba ne.

Na makarantun Amurka kuwa, zancen ya yi ƙarfi ne bayan harin makarantar Columbine a ranar 20 ga Afrilu 1999, inda ɗalibai biyu suka harbe ɗalibai 12 da malami ɗaya, aka gano suna son wani gem ɗin harbi mai suna Doom. Iyalan wasu da abin ya shafa sun kai kamfanonin gem ƙara, kotu ta kori ƙarar. Bayan nan hukumar da ke tsaron shugabannin ƙasar tare da ma'aikatar ilimi suka bi diddigin hare-hare 37 na makarantu da maharan 41, rahoton ya fito a 2002, kashi 12 cikin 100 ne kawai aka samu suna da sha'awar gem ɗin tashin hankali, amma kusan kashi 70 sun ji ana cin zalinsu ko ana tsangwamarsu, kuma a yawancin hare-haren akwai wani yaro da ya san za a yi tun kafin a yi. Wanda ya kashe mutum 32 a jami'ar Virginia Tech a 2007 ma da farko an yi ta cewa gem ne, kwamitin bincike bai samu hakan ba. To Malam kai da kake tsaye a filin tara, yaron da ake taruwa a kansa kullum yana shiru, shi ne zan roƙe ka ka fi sa wa ido.

TAMBAYA: Anti ni tawa tambayar daban ce. A guruf ɗinmu na WhatsApp na dangi kullum sai an turo bidiyon gawa, ko an kama wani ana duka har ya daina motsi, ko murya wani yana cewa 'yan ƙabila kaza ne suka yi ku tura wa kowa. Yayana ne ma ya fi kowa turowa, shi da ya hana 'ya'yansa kallon fim ɗin faɗa, in na yi magana ya ce ai wannan gaskiya ce ba fim ba dole mutane su sani. Ni kuma in na kalla bana iya barci. Wanne ya fi illa? Daga ƙanwarki.

AMSA: Ƙanwata, saƙonki ne ya sa na ware wannan fitowar gaba ɗaya, don duk gardamar da ake yi kan fim da gem ba a nan gizo yake saƙa ba, yana cikin abin da Yayanki yake turowa. Wanda ke kallon fim ya san ƙarya ce, ya san wanda aka harbe zai tashi ya karɓi kuɗinsa, kuma fim ɗin bai ce masa ga gidan maƙiyinka can ba. Saƙon da ke nuna jini na gaske ya kuma kira sunan wasu mutane na gaske ya ce su ne suka yi, wannan shi ne wanda tarihi ya kama da hannu dumu-dumu.

A Ruwanda a 1994 an kashe mutum kusan 800,000 cikin kwana 100, yawancinsu 'yan ƙabilar Tutsi. Gidan rediyon RTLM da aka buɗe a 1993 kiɗa yake sawa da barkwanci, matasa na son sa, a cikin haka yake kiran Tutsi kyankyasai, da aka fara kisan kuma har sunayen mutane da wuraren da suka ɓuya yake karantowa. Ƙasar duwatsu ce, wani ƙauyen rediyon na kamawa tar wani kuma dutse ya tare, shi ne wani mai bincike David Yanagizawa-Drott ya kwatanta su a 2014, ya ƙiyasta kusan kashi 10 cikin 100 na waɗanda suka shiga kisan, mutum wajen 51,000, rediyon ne ya jawo su. A 2003 kotun duniya da ta zauna a Arusha ta Tanzaniya ta ɗaure jagororin rediyon da mai wata jarida, mutanen da makaminsu magana ce. Ba wani gem da aka taɓa samunsa da abu mai kama da wannan.

Kar kuma ki ce ai wannan rediyo ne na da. A Indiya a 2017 da 2018 jita-jitar masu satar yara ta yi ta yawo a WhatsApp tare da wani bidiyo da ke nuna mutum biyu a babur sun sure yaro, ashe bidiyon talla ce ta wayar da kan iyaye da aka shirya a Karachi ta Pakistan, a ƙarshensa ana dawo da yaron, sai wani ya yanke ƙarshen ya tura. An kashe mutane da dama da ba su san hawa ba su san sauka ba, a watan Yuli 2018 a wani ƙauye na jihar Maharashtra mutum 5 aka kashe rana ɗaya don kawai baƙi ne. Dalilin da ya sa WhatsApp ya taƙaita tura saƙo zuwa wuri 5 kenan, ya fara a Indiya sannan a 2019 ya game duniya. Duk wanda ya tura wancan bidiyon shi ma abin da ya faɗa wa kansa kenan, dole mutane su sani.

Akwai kuma maharan da bidiyon shi ne burinsu. Wanda ya kashe masallata 51 a masallatai biyu na Christchurch a Niyu Zilan ranar Juma'a 15 ga Maris 2019, kai tsaye ya haska a Facebook na kimanin minti 17, kamfanin ya ce ya goge kwafi miliyan 1.5 cikin awa 24 na farko, ki duba yawan hannuwan da suka taya shi yaɗawa, da yawansu ma cikin jimami suka tura. A 2022 wani ya kashe baƙar fata 10 a wani kanti a Buffalo ta Amurka, shi ma ya haska kai tsaye, kuma da kansa ya rubuta cewa wancan maharin ne ya zaburar da shi.

Rashin barcinki kuma ba ragwanta ba ce. Bayan harin bam na gasar gudu a Boston a 2013 an yi bincike aka ga waɗanda suka riƙa kallon labarin awa 6 ko fiye a rana sun fi nuna alamun firgici a kan waɗanda suke wurin ko kusa da wurin lokacin da abin ya faru. Wanda yake wurin sau ɗaya ya gani, mai waya kuwa sau 20. Mutumin da kullum gawa yake kallo a hankali sai duniya ta koma masa daji, kowane baƙo abin tsoro, kuma mai tsoro shi ya fi saurin yarda in an ce mu riga su kafin su riga mu.

Ki shiga saitin WhatsApp ki kashe saukar bidiyo da kansa, abin da ba ki danna ba ba zai sauka ba, kuma ba dole ki buɗe don Yaya ne ya turo ba. Shi kuma kar ki tare shi a guruf a gaban ƙannensa, ba zai ji ba, ki same shi shi kaɗai ko ki bi ta wajen wanda yake jin nauyi. Ki ce Yaya wannan bidiyon a ina aka ɗauka, yaushe, wa ya tabbatar maka waɗanda aka ambata su ne suka yi, sau da yawa za ki ga bai sani ba, don ana ɗauko tsohon bidiyo na wata ƙasa a liƙa masa sabon suna. Ki tuna masa gawar nan ɗan wasu ne, uwarsa na iya cin karo da shi a waya. Sannan ki tambaye shi wayar da yake tara waɗannan bidiyoyin a ciki, in ya dawo gida ya sa ta a caji, a hannun wa take ƙarewa.